Daɓen Mijin Larai

Shekarar da anka kawo Shari'a Zamfara, ana saura kwana ashirin azumi, ɗana Uba ya sauke mini injin niƙa a ƙofar gida nan Banga, da buhu shida na siminti. Ni na sa shi ya sawo. Na lura magidanta sun fara hana matansu zuwa injin bakin kasuwa, wai ana cakuɗa da maza, ga azumi tafe, kowane gida na son ƙullun ƙosai da na kunu. Na ce to, inji ya shigo cikin gida, mata su zo wurin mace. Na bi unguwa gida gida na faɗa da bakina: ranar jajibirin azumi injin Dije na aiki. Ni kuwa tun da nake ban taɓa sa rana na saɓa ba.

Uba direba ne. Ya yi lodin shanu zuwa Kudu, ya ce in ya dawo ya ɗaura injin. Abin da ya rage mini shi ne daɓe mai ƙarfi daga gefen zaure, a kewaye shi da zana, bango sai bayan salla. Wurin kuwa rami ne, inda munka ɗebi ƙasar katanga tun maigidana na da rai. In mutum ya shiga yakan kai masa cinya. Duk wadda ta taɓa riƙe madaɓi ta san yadda ake cike irinsa. A kwashe shara, a kawo burji, a zuba kaɗan, a yayyafa ruwa, a daɓe har hannu ya yi kanta, a ƙara zubawa. Sai ya taurare siminti ke hawa. Na riga na aika wa Tambari magini da goro.

Sai ga mijin Larai.

Sunansa za ku ji shi a bakin wasu, ba a nawa ba. Larai ce autata. Shekara goma sha ɗaya da aurensu ban taɓa duban tsakiyar idonsa ba, shi kuma bai taɓa jin wata magana daga bakina ba in ba amsa gaisuwa ba. Haka na taras ana surukuta, haka nake yin ta. In ina da magana, Larai ke kaiwa. In yana da ita, Larai ke kawowa.

Lokacin da anka ba mu jiha ya tafi Gusau inda ake gine-ginen gwamnati, ya yi wata huɗu. Waɗanda sunka gan shi can sun ce ruwa yake turo wa magina a baro. Shi kuwa ya dawo da hular kwano ruwan ɗorawa da fensir a bayan kunne, ya ce a kira shi Injiniya. Shekara uku yana neman wanda zai ba shi gini, ba a ba shi ko akurkin kaji ba.

Ya tuɓe takalma tun daga bakin zaure, ya durƙusa bayan danga.

"Inna, barka da hutawa."

Na juya fuskata wajen rumbu. "Lafiya."

Sai ya ɗaga murya, shi a dole da matarsa yake magana. "Larai, ki faɗa wa Inna, ina raye ba za a kira wani a kan aikinta ba. Ni da nis sa hannu ga bene mai hawa uku? Kwana biyar kawai. Daɓen da za ni yi, ko jirgin ƙasan Ƙaura ya bi ta kai ba shi tsagewa."

Na yafuto Larai na ce mata a kunne, "Ki ce masa ya fita harkata. Na kira Tambari."

Ta je bakin danga, ta sunkuyar da kai. "Inna tac ce kada ka wahalar da kanka."

"Wahala? A kan aikin Inna? Allahu akbar, ku ji tausayi irin na uwa! Ki ce mata gobe da hantsi ina nan."

Ina jin su sarai. Amma in na buɗe baki na gyara, da shi na yi magana ke nan. Da ya tafi na kama kunnen Larai.

"Haka na aike ki?"

"Inna, don Allah. Shekara uku ana yi masa dariya a majalisa. Ki bar shi ya yi wanga ɗaya. In kin kore shi, da wace fuska za shi fita?"

Tambari kuwa ya aiko mini da gorona. Ya ce shi ba ya karɓe aiki a hannun surukin gida, amma kallo ba a hana shi ba. Washegari ya riga Injiniya zuwa, da 'yar kujerarsa da sanda, ya zauna gindin dalbejiya.

Ranar farko awo anka yi. Injiniya ya kafa turaku takwas, ya ja igiya nan, ya ja can, ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Ya cika kwalbar lemo da ruwa ya kwantar da ita a ƙasa, ya kwanta rub da ciki yana dubanta.

Tambari ya ce, "Maiwada, mi kake nema ciki? Kifi?"

Ya tashi ya jingina da katanga. "Baba Tambari, wanga awo ne na zamani. Ku da ido kuke aunawa, shi ya sa duk katangar garinga ke ruku'u."

"Katangar da kake jingine da ita ni nig gina ta, tun kana tsotson yatsa."

"Ai na ji tana motsi."

"Bayanka na rawa, ba ita ba. Yaushe za a fara jigilar burji?"

"Burji?" Injiniya ya yi dariya har hular ta zame masa. "A kai jakai bayan gari, a haƙa, a ɗauko, a yi ta bugu da ice kamar masu sussuka? Wanga aikin mata ne na zamanin da. Inji girgiza gare shi, Baba. Abu mai girgiza ba a aza shi bisa abu mai tauri. Laushi shike so, kamar katifa."

Rana ta biyu na ga katifar. Kaka ce, an gama sussuka, masussukar bayan gari cike da ƙaiƙayi, ba mai so. Ya ari amalanke ya yi sawu tara. Yana juyewa a rami, iska na ɗiba tana rabawa. Ranar duk wanda ya ci tuwo a unguwarmu da ƙaiƙayi ya ci shi. Kowa na susa, har liman.

Kafin azahar labari ya kai wa dabbobi. Kaji sunka fara zuwa, don akwai sauran tsaba a ciki. Sai zabi. Sai awakin unguwa baki ɗaya, da wata tunkiya gurguwa da ban taɓa gani ba. Injiniya ya kori na gabas, na yamma su shiga. Ya jefi wani bunsuru da hular kwano, bunsurun ya sunsuna ta ya ci gaba da kiwo.

Tambari ya ce, "Ma'aikatanka sun iso. Su ma Gusau sunka koyo?"

Na kira Larai. "Je ki ce masa ƙaiƙayi abincin jaki ne, ba a gini bisansa. Ya kwashe mini shi yau ɗin nan."

Ta je ta tsaya tana murza bakin zane. "Inna tac ce... tun da take ba ta taɓa ganin dabara irin wagga ba."

Ya buga ƙirji ya juya wajen dalbejiya. "Baba Tambari, ka ji? Tsohuwar da ta yi daɓe ya fi ɗari. Ita ta gane. Kai ne dai har yau."

Da ya ga awaki sun cinye masa kusan kashi ɗaya cikin uku, sai ya ƙaro sawu uku, ya bi da yashi tsawon yatsa ya rufe. Daga nesa wurin ya yi kyau kamar filin idi. In ka taka kuwa, sai ƙafa ta lotsa ta dawo.

Rana ta uku ya ce za a danne. A Gusau, in ji shi, wata mota ce mai ƙafar ƙarfe ke bi ta kai. Tun da babu ita a Banga, shi zai ƙera. Ya samo tsohon duro ya ɗura masa yashi, ya soka sanda ta tsakiya, ya ɗaura igiya, ya aro jakin Rufa'i mai kayan miya. Mutane sunka fara taruwa, har da masu dawowa daga gona.

Jakin ya shiga, ya yi taku uku, ya tsaya. Ya sa hanci ƙasa, ya tona da kofato, ya tarar da abinci. Ya fara ci.

"Kai! Tafi! Wanga fandeshan gini ne, ba wurin kiwo ba!"

Jaki ko a jikinsa. Injiniya ya tsula masa tsumagiya. Jakin ya zabura ya haye tudu, duro ya biyo shi yana ƙara kamar aradu. Da ya ji abu na bin sa a baya, sai ya ƙara mai. Sunka ratsa dangar maƙwabciyata Kulsumu, sunka bi ta kan kuɓewar da ta shanya, sunka fasa randa biyu, sunka fita ta ɗaya dangar. A bakin rijiyar masallaci anka kamo su.

Kulsumu sa'ata ce, ƙosai take saidawa, kuma ita ba surukarsa ba ce, bakinta a sake yake. Ta fito da ludayi a hannu.

"Maiwada! Kai ɗan gidan uban wa ne da za ka sako mini jirgi cikin gida?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri, gwaji ne. Kowane babban aiki sai an yi hasara."

"Hasarar ta tashi daga ramin Dije ta faɗa randata? Injiniyan banza, ko murhu ba ka iya kafawa ba! Ka kwashe wannan shara ka ba tsohuwa wurinta!"

"Ai Gwaggo mai wurin ba ta ce haka ba. Sau biyu tana aiko mini da yabo. Ko ba haka ba, Larai?"

Larai ta shige ɗaki ta ja labule.

Rana ta huɗu ya ce ƙafar mutum ta fi ta jaki hankali. Ya zuba wa wurin ruwa jarka goma sha biyu, ya tara samarin unguwa, ya ɗauko mai kalangu daga Kasuwar Daji. Wai su yi ta tsalle a kai har ya danne. Kiɗa ya tashi, samari sunka shiga, ƙasa na lotsawa tana cilla su sama, su kuwa daɗi ya kashe su. Ni ina cikin ɗaki ina salati. A shekarar da kowa ke kaffa-kaffa, a ƙofar gidana ake kalangu da rana tsaka.

Ba a jima ba sai ga Malam Zaharaddeen, wanda anka sa cikin kwamitin lura da al'amuran Shari'a na garinmu. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya. Ya yi sallama, kalangu ya ɗauke.

"Malam Maiwada, biki ake yi?"

"Allah gafarta Malam, aiki ne."

"Na ji kiɗa."

"Na aiki ne."

"Na ga rawa."

"Ba rawa ba ce, Allah gafarta Malam, danniya ce. Dubi ƙafafunsu. Mai rawa gefe shike karkata, su kuwa ƙasa suke dira."

Malam ya dubi wani saurayi da har lokacin kafaɗarsa ba ta daina motsi ba. "Wancan fa?"

"Shi sabon ma'aikaci ne, bai ƙware ba."

Tambari ya yi dariya har ya faɗo daga kujera. Malam ya danne tasa da gefen rawani, ya ce in danniya ce a yi ta ba kalangu. Mai kalangu ya rataya abinsa ya kama hanya. Da samari sunka ga ba kiɗa, sunka watse ɗaya bayan ɗaya. Anka bar Injiniya shi kaɗai yana tsalle a tsakiyar fili har la'asar, yana ƙirga wa kansa da Turanci.

Rana ta biyar ya ce saura rodi. A Gusau ya ga ana shimfiɗa ƙarafa a gicciye, a ɗaure, kafin a zuba kankare. Shi ba shi da ƙarfe, amma ga karan dawa ko'ina. Ya zaɓo masu kauri, ya jera su tsaye da kwance, ya ɗaure kowace mahaɗa da igiyar kaba. Gaskiya ɗaurin ya yi kyau. Da gadon kara ya ce zai yi, da na saya.

Tambari ya ce, "Maiwada, gara fa?"

"Gara ba ta cin abin da ke cikin siminti. Ba ta da izini."

Ina leƙe ta kafar danga ya farke buhunan nan shida ɗaya bayan ɗaya. Kowane ya farka sai in ji kamar a cikina. Ya kwaɓa, ya zuba, ya shafe. Ya kafa ƙusoshi huɗu da Uba ya bari na ɗaure inji. Sannan ya ɗauki tsinke ya rubuta sunansa a gefe da manyan baƙaƙe, wai don 'yan baya. Wani zakara ya bi ta kai ya sa nasa hannun.

Kwana goma yana zuwa safe da yamma yana ba daɓen ruwa. Ranar da ya ce ya bushe, na jira ya tafi masallaci na fita da taɓarya. Na ƙwanƙwasa tsakiya. Daɓen kirki in ka buga, hannunka ke jin zafi. Wannan kuwa sai ya amsa mini, dum, kamar an kifa ƙwarya a ruwa. Na sa hanci kusa da wata 'yar tsaga, na ji ɗumi na fitowa, da wani tsami-tsami.

"Larai! Ki ce masa ganga ya yi mini, ba daɓe ba. Ƙasansa rami ne. In anka aza inji a nan, sai an tono shi."

Da ya dawo ta tare shi a zaure. Na kasa kunne.

"Inna ta ƙwanƙwasa da kanta. Tac ce har amsawa yake."

"Madalla! Ai shi ne alamar. Daɓen da ba shi amsawa matacce ne."

Uba ya dawo ana saura kwana biyar azumi, a gajiye, idanu jawur. Na ce masa wurin nan ban yarda da shi ba. Ya taka, ya dira, ya ga siminti sumul. Ya ce, "Inna, ke dai ba ki son abin zamani." Ya ɗaura inji. Ni kuma na yi niyyar a gwada shi shiru, mu da mu. Ashe Injiniya ya riga ya zaga gari. Wai gobe da hantsi za a buɗe aiki, kowa ya zo ya ga abin da ilimi ke yi.

Gari ya waye ƙofar gidana kamar ranar kasuwa. Mata sun shigo ta cikin gida sun yi layi bayan zana da ƙore da robobi, wake jiƙaƙƙe, gero, dawa. Kulsumu ce a gaba da bokiti guda. Maza na waje, mai unguwa a kan tabarma, Malam Zaharaddeen a gefensa, Tambari a gindin dalbejiya. Injiniya ya sha farar babbar riga ta salla, ga hular kwano a sama.

Malam ya yi addu'a, anka shafa. Injiniya ya hau daɓen ya gyara murya.

"Jama'a, abin da kuke gani a sama ba komai ba ne. Sirrin aiki na ƙasa. Abin da nis sa ƙarƙashin nan, ko a Gusau ba kowa ya san shi ba. Shekara ɗari ana niƙa a nan. Uba, tayar!"

Uba ya murɗa hannun inji. Ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya kama. Mata sunka yi guɗa ƙasa-ƙasa saboda Malam. Anka juye waken Kulsumu, ƙullu ya fara zuba fari tas. Ni kaina sai da na ce a raina ko dai na zalunci bawan Allah.

Sai daɓen ya fara kiɗa. Dududu, dududu, har a tafin ƙafa ake ji. Roba ta fara tafiya da kanta. Wata tsaga ta taso daga gindin inji ta bi ta tsakiyar sunan Injiniya ta raba shi biyu.

Mai unguwa ya ce, "Maiwada, lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe! Zama shike yi. Kowane sabon gini sai ya zauna."

Tambari ya ce, "Wanga kam kwanciya za shi yi."

Gefen gabas ya lotsa, injin ya karkata. Injiniya ya yi tsalle ya koma gefen yamma ya buɗe ƙafafu, wai nauyinsa ya daidaita. Gefen yamma ya lotsa. Ya koma gabas. Bakin injin ya juyo ya dube shi, ya fara fesa masa ƙullun Kulsumu daga hula har ƙafa.

"Wakena!" in ji Kulsumu.

"Uba, kashe!" in ji mai unguwa.

"Kada ka kashe! Yanzu za shi daidaita!" in ji Injiniya.

Bai rufe baki ba munka ji ɓurum. Daɓen ya karye gida huɗu kamar waina. Inji ya nutse har wuya ya mutu da kansa. Injiniya ya faɗa zaune, ƙasa ta haɗiye shi har ƙugu, ƙafa ɗaya a sama da guntun kara a tsakanin yatsu. Tururi ya taso. Gafiya biyu sunka fito ta ƙarƙashin hammatarsa, ɗaya ta yi wajen mata, ɗaya ta bi ta kan tabarmar mai unguwa. Ƙore sunka tashi sama, gero ya watse, kajin unguwa sunka dawo aiki.

Sannan warin ya iso. Ƙaiƙayi da tsaba sun sha ruwa jarka goma sha biyu, sun kwana goma sha biyu a rufe cikin zafi. Kowa ya toshe hanci. Malam Zaharaddeen ya sunsuna sau biyu, ya dubi ramin, ya dubi mai unguwa.

Tambari ya taso da sandarsa ya leƙa. "Allah gafarta Malam, a shaida. Ni dai ban taɓa sha ba, amma na taɓa wucewa ta bariki. Maiwada, a shekarar Shari'a ka binne tukunyar burkutu a gidan surukarka?"

"Wallahi ƙaiƙayi ne! Allah gafarta Malam, ƙaiƙayi ne da ruwa! A tona a gani!"

Malam ya ce, "Ai ka tona da kanka, Malam Maiwada. Mun gani."

Duk wannan ina tsaye bayan zana. Simintina ya tafi, injina na cikin rami, saura kwana huɗu, ga matan da na yi wa alkawari suna tsintar gero a ƙasa. Ban matso da Larai kusa ba wannan karon. Daga inda nake na ɗaga murya yadda har na bakin rijiya za su ji.

"Larai! Ki faɗa wa mijinki, jakin Rufa'i ya fi shi sanin abin da ya zuba a ramin nan, don shi ya gane abinci ne. Ki ce masa ya fito ya tuɓe rigar nan, ya kwashe mini ruɓaɓɓen nan da hannunsa. Burji kuma da kansa zai ɗauko shi, a ka, har sai na ce ya isa!"

Larai ta matsa bakin rami tana murza zane.

"Inna tac ce... sannu da..."

Gaba ɗaya taron, maza da mata, sunka ce, "Mun ji abin da tac ce!"

Maza shida sunka ciro inji da igiya, Uba ya kwance shi ya wanke, Allah ya sa ba abin da ya karye. Injiniya kuwa sai da anka ja shi kamar guga. Siminti babu, ba kuma lokacin jiran wani ya bushe. Tambari ya ce yanzu aiki ya fita hannun surukin gida, ya karɓi goronsa. Ya samo gungumen ƙirya biyu ya ce a kansu za a ɗaure inji, a binne su cikin ciko. Sauran kuma namu ne.

Kulsumu ta zaga unguwa, mata goma sha huɗu sunka zo da madaɓansu. Magidanta sunka ba da jakai da mangaloli, don kowa na son ƙosai. A zuba burji kamu ɗaya, a yayyafa, mu daɓe, a ƙara. Ba kiɗa, ba waƙa, sai ƙarar madaɓi da ba'ar Kulsumu. Mijin Larai na tafe da kwano a ka, sawu bayan sawu, wuyansa ya shige kafaɗa. Ko a hakan, in ya juye sai ya ɗan tsaya.

"Gwaggo, da kun riƙa bugawa daga gefe zuwa tsakiya..."

Kulsumu ta ce, "Da ka riƙa tafiya daga nan zuwa bayan gari. Wuce!"

Kwana uku munka yi. Na jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa, munka shafe sama, ya yi baƙi yana ƙyalli. Na ɗauki taɓarya na buga, zafin ya zo mini har kafaɗa. Na ce Uba ya ɗaura.

Ranar jajibiri da hantsi inji ya tashi. Na aza ƙwarya cike da ruwa a gefensa, ko ɗigo bai zuba ba. Na tsaya da kaina ina karɓar niƙa, Kulsumu a gaba, sauran na biye. Da layi ya zo kan Larai da robar wakenta, na miƙa hannu na karɓi na bayanta.

"Inna, nawa fa?"

"Turmi na nan bayan rumbu."

"Inna! Da azumi?"

"Sau uku na aike ki da magana kina sauya mata zane a hanya. Ki daka da hannu har salla."

Ta tsaya da roba a hannu, mata na ƙunshe dariya. Can daga bayan danga sai munka ji murya, a durƙushe kamar kullum.

"Larai, mi Inna tac ce?"

Larai ta dube ni. Ta dubi turmi. Ta dubi waken nan mudu biyu. Sannan ta juya wajen danga.

"Cewa tay yi ka shigo ka yi daka!"

Ni ban ce haka ba. Amma na juya fuskata wajen rumbu na bar shi ya wuce. Har azahar muna jin sa ta bayan ƙarar inji, yana luguden wake yana haki, yana gaya wa Larai wai a Gusau ba haka ake sassaƙa turmi ba.